Ƙoƙon Baba da Ƙwara Ta Goma Sha Biyu

Ranar da muka binne Baba, da yamma, dattawa suka ce ni zan ƙidaya abin da ya bari, tunda ƙidaya ce sana'ata. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Keke ɗaya, wanda ni na saya mashi. Riguna uku, biyu daga ciki ni na ɗinka. Awaki biyu da ɗan bunsuru. Gona ɗaya a bakin rafi. Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya rabu da shi tuntuni, an ɗaure shi da zaren buhu. Sai ƙoƙo guda, ɗan ƙaramin ƙoƙon duma, bakinsa ya tsage an ɗinke. Da za ka kai shi kasuwar Sheme, ko kyauta ba mai ɗauka.

A cikin wannan duka, ƙoƙon nan kaɗai nake so. A lokacin ina da motar lodi biyu, ina da siton hatsi a Ƙanƙara da wani a Sheme, ina da masu yi mani awo har Damari da Sabuwa. Amma na tsaya a tsakar gidan mamaci gabana na faɗuwa saboda ƙoƙo. Dalili kuwa kowa ya san shi: wanda Baba ya bar wa ƙoƙon nan, shi ya ɗauka ɗansa na gaskiya. Baba yayan mahaifina ne, kuma Allah bai ba shi haihuwa ba. Mu biyu ya riƙe tun muna ƙanana, ni ɗan ƙanensa, da 'yar ƙanwarsa, wato taubashiyata. Ƙoƙo ɗaya ne, mu biyu ne.

Ban taɓa ganin taro a ƙauyenmu irin na ran nan ba. Mu 'yan tsiraru ne, gidajen Kirista kaɗan a tsakiyar ƙauyukan Musulmi ta yammacin Faskari, amma tun hantsi hanya ta cika. Waɗansu a ƙasa suka zo daga Damari. Wata mota ta sauke mutanen Sabuwa. Limamin ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ya zo da jama'arsa, suka zauna gefe har aka gama waƙoƙi, sannan ya matso ya ce, "Mun yi rashin maƙwabci. Shekara nawa yaranmu na bin yaranku tsintar kaɗanya, bai taɓa zaunar da ɗan wani ya karantar da shi ba da sanin ubansa ba." Wani tsohon Bafulatani ya ajiye ƙwaryar nono a ƙofar gida, ya share hawaye da gefen rawani ya koma wajen shanunsa.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne hirar da aka yi bayan an dawo daga kabari. Wani ƙato, ɗan sanda ne yanzu, ya fashe da kuka yana cewa, "Ni ma tukunyata ta yi wari! Sau biyu ma!" Sai wata malamar asibiti ta ce ai tata har kaji suka bi ta. Nan fa wuri ya rikice, ana kuka ana dariya, kowa na faɗin shekarar da tasa tukunyar ta yi wari. Wani ya juyo ya ce da ni, "Kai dai ba ka taɓa ba. Kai ne ɗan kirkin Baba." Na yi murmushi. Na lura kuma da wani abu, don idon ɗan kasuwa ba ya barci: ni a tsaye ake yi mani gaisuwa, a yaba mota, a wuce. Taubashiyata kuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da sana'ar man kaɗanya, ita ake zauna wa a tabarma a daɗe.

Wanda ba ɗan ƙauyenmu ba ba zai gane zancen tukunya ba, kuma don kada zancen ya bi Baba kabari ne na ɗauki alƙalami, ni da ban saba rubuta komai ba sai adadin buhu.

Baba ya yi ciwon kuturta yana saurayi. Ya tafi neman magani asibitin 'yan mishan, ya dawo bayan shekaru da yatsu uku a hannun dama, da karatu, da Littafi. Ba fasto ba ne, bai taɓa hawa mimbari ba. Yara ya ɗauka. Ya ce manya sun riga sun bushe, shi da ɗanyen kara zai yi aiki. Kuma ba ya yarda ya koyar da abin da yaro ba zai taɓa da hannu ba.

Darasinsa mafi girma shi muke kira makon manna. Da farkon damina, in 'ya'yan kaɗanya suka fara nuna suna zubowa da kansu, sai ya tara mu ranar Lahadi ya ba mu labarin mutanen Isra'ila a jeji: yadda yunwa ta kama su, Allah ya riƙa sauko masu da abinci kowace safiya a ƙasa, ya ce kowa ya ɗebi na yini ɗaya kada ya kwana da shi, sai ranar jajibirin hutu a ɗebi na kwana biyu. Waɗansu suka ƙi ji, suka ɓoye, abin ya yi tsutsa ya yi wari. Daga nan sai ya rufe Littafi. Ran Litinin da sassafe kuma mu haɗu gindin babbar kaɗanyar da ke gonarsa, ƙasa ta yi shar da 'ya'ya.

"Wa ya girgiza icen nan?" in ji Baba.

"Ba kowa!"

"To, wa ya zubo maku?"

"Allah!"

"Ya zubo jiya?"

"Ya zubo!"

"Zai zubo gobe?"

A nan muryoyi kan yi ƙasa. Sai ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku ya ce, "Yauwa. Nan ne fa. Daidai nan mutanen jeji suka yi tuntuɓe."

Kowa ya tsinto ya kawo, Baba ya auna mashi da ƙoƙon nan, ya shafe baki, ƙoƙo ɗaya tak. Ka ci a ranar, ka kawo mashi ƙwarar, wato ƙwallon da ke ciki, ya tara wa matan da ba su da ƙarfi. Ran Asabar ƙoƙo biyu. Lahadi ba tsinta. "Ciki ɗaya, ƙoƙo ɗaya," haka yake cewa. Ba ya lalube aljihun kowa, ba ya leƙa ɗakin kowa. Ya san yara, ya kuma san kaɗanya. Nunannen ɗan kaɗanya in ka rufe shi a tukunya ran Litinin, kafin Lahadi ba sai an nemo shi ba, shi zai nemo ka.

Shekarar da nake so in faɗa, ina da shekara tara, taubashiyata bakwai. Ita ta ga 'ya'ya sun yi yawa a ƙasa, ranta ya biya, ta riƙa ƙunso ƙari a bakin zane tana zubawa a wata 'yar tukunya bayan randa. Ni ma na yi ƙari, biyu kullum, kwana shida. Amma ni na yi tunani. Na ga cewa naman ne ke ruɓewa, ƙwara ba ta ruɓewa. Sai in laɓe bayan sabara in cinye naman nan take, in goge ƙwarar da ƙasa, in tura ta ƙarƙashin rumbun Baba inda iska ke shiga. Ran Asabar na ƙidaya, goma sha biyu cif. Ba wari, ba tsutsa.

Ran Lahadi Baba ya zauna a kan turminsa da ya kife, ya ce, "Wanda ya kwana da nashi, shi tahi shi ɗauko."

Taubashiyata ta tashi tun kafin ya rufe baki, don warin ya riga ya cika gida. Ta dawo da tukunya a ka, tana kuka, majina har baki, ƙudaje na biye da ita. Baba ya buɗe ya zagaya da ita gaban kowa, tsutsa na motsi a ciki.

"Ku shaƙa da kyau," ya ce. "Ni na sa mashi wannan warin?"

"A'a!"

"Ban taɓa shi ba. Hukuncin Allah ba daga nesa yake tahowa ba, cikin abin da ka ɓoye yake tsirowa. Ɗiyata, je ki rafi ki wanke, da hannunki."

Ta je ta wanke ta dawo tana shessheƙa. Sai Baba ya miƙa hannu ya ɗauke ta ya ɗora bisa cinyarsa, ya share mata fuska da hannun rigarsa, kuma a nan ta zauna har aka tashi. Ya ce da mu wanda ya kawo tukunyarsa da kansa, Allah ba ya barin shi tsaye a rana.

Daga nan ya ce, "Saura wa?"

Ba wanda ya tashi.

"Saura wa?"

Ya faɗa sau uku. A na ukun idonsa ya bi ta kaina ya wuce, bai tsaya ba. Ni kuwa ina zaune na harɗe hannu, mai tsabta, ba wanda zai ce na yi wani abu. Ina kallon yarinyar nan mai warin tsutsa a kan cinyar Baba. Na yi laifi iri ɗaya da nata, na fi ta wayo, ita aka ɗauka. Ran nan kishin ya fara, kuma ba zan ɓoye ba, har yau bai gama fita ba.

Washegari na je ƙarƙashin rumbu, na iske goma sha ɗaya. Na ƙidaya sau uku. Na tona ƙasa, na leƙa ramin ɓera. Goma sha ɗaya. Nan take na yanke cewa taubashiyata ce, don ita kaɗai ke wasa a wurin. Amma ba halin in yi magana, domin wanda ya ce an sace mashi ƙwara sai ya faɗi inda ya samo ta. Na haɗiye. Sha ɗayan na kai wa wata tsohuwa mai man kaɗanya ta ba ni ƙuli-ƙuli biyu. Cinikina na farko ke nan a duniya, kuma darasin da na ɗauka daga makon manna shi ne: ajiya ba ta wari in ka san abin da za ka ajiye.

Da wannan darasin na girma. Na fara da tallan gyaɗa, na koma awo a kasuwar Sheme, na zama mai saye da kaina. Da aka yi shekarar fari, damina ta yanke tun dawa ba ta fid da kai ba, ni na riga na cika sito biyu tun kakar bara. Na rufe, na zuba magani, na jira. Lokacin kuɗin man fetur ya fara yawo a birane, masu saye daga nesa suna biyan duk abin da ka faɗa. Ban saci na kowa ba, ban rage mudu ba. Na jira ne kawai.

Ana cikin haka Baba ya zo mani Ƙanƙara a kan keke, tsoho, cikin rana. Ya ce akwai gidaje a ƙauye da suka koma cin ganyen tafasa ba gari. Na sa aka loda buhu ashirin, na kai da kaina ranar Lahadi, aka sauke a ƙofar ɗakin sujada kowa na gani. Baba ya yi godiya, ya sa albarka, shi da taubashiyata suka raba gida gida, har gidajen maƙwabtanmu Musulmi. Ni kuwa ban gamsu ba. Ina so ko ya yabe ni fiye da haka, ko ya yi mani faɗa a kan sauran buhunan da ya san suna rufe. Bai yi ko ɗaya ba. Da zan tafi na kasa daurewa, na ce cikin raha, "Baba, ka ga nawa na kwana da shi shekara guda, bai yi tsutsa ba."

Ya dube ni ya ce, "Na gani. Ai kai ka iya ajiya tun kana ƙarami."

Na shiga mota ina juya maganar. Na ce yabo ne. Amma yabon na da ƙaya.

Haka Baba yake da ni kullum. Bai taɓa ɗaga mani murya ba. Taubashiyata kuwa faɗa suke kamar kaji. Ya ce ta cika gishiri a miya, ta ce to ya auro mai dafa mashi. Ya ce ta makara wajen yara, ta ce shi da ba shi da tuƙin man kaɗe ai dole ya riga kowa. In na shigo da shinkafa da gwangwanin madara sai hira ta mutu, a shimfiɗa mani sabuwar tabarma kamar baƙo. Sau da yawa na fito gidan nan ina cewa a raina, da ma ni ake zagi.

Sau ɗaya muka yi rigima ta gaske, a kan itace. Akwai wata kaɗanya a bayan tsohon ɗakin sujada, wadda Baba ya shuka tun muna yara. Mutane sun yi mashi dariya a lokacin, don a wurinmu ba a shuka kaɗanya, Allah ke shuka ta, kuma wanda ya shuka ba lalle ya ci ba. Shi kuwa ya kewaye ta da ƙaya, yana kai mata ruwa a buta da rani. Da iska ta kayar da babbar da ke gona, wannan ta riga ta fara 'ya'ya, sai makon manna ya koma gindinta.

Da kuɗi suka zauna mani, na ga ƙauyuka suna rufa ɗakunan sujada da kwano, namu na nan da jinka. Na kawo siminti, na kawo kwano, na ɗauko magina daga Ƙanƙara. Babban magini ya ja igiya, kaɗanya ta faɗo a ciki. Na ce a sare. Kafin a kawo gatari Baba ya jawo tabarma ya zauna a gindinta.

"In sara za ku yi, ku fara da tsohon icen. Ga shi zaune."

"Baba, ɗakin Allah za mu gina. Ice ɗaya ne fa."

"Allah bai ce mani shina jin matsi ba."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ke cikina. "Ai na sani. Don ɗiyarka na tsintar ƙwara a nan ne. In nata ne, a faɗa mani, in biya ta."

"Ba nata ba ne."

"To na wa ne?"

"Mai shi bai zo nema ba tukuna."

Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce, wai Allah yake nufi. Na ce da magina su goce. Shi ya sa har yau in ka zo ƙauyenmu za ka ga ɗakin sujadarmu ya karkace ta gabas, kamar mutumin da ke ba wani hanya. Wata uku ban taka gidan Baba ba. Shi ya aiko mani da zuma a kwalba, ba saƙon komai, sannan na koma.

To, mu dawo ranar jana'iza. Da na gama ƙidaya, fasto ya ce Baba ya bar magana. Gona a raba mana biyu. Awaki na matan da mazansu suka rasu. Littafi ya zauna a ɗakin sujada. Keke a mayar wa wanda ya saya, da godiya. Ƙoƙo kuwa na 'yar ƙanwarsa ne, ita za ta ci gaba da yara.

Na ce madalla. Na ma taya ta murna a gaban mutane. Ɗan kasuwa ba ya nuna an kayar da shi a ciniki.

Washegari Asabar da safe na iske ta gindin kaɗanya tana shara, don 'ya'ya sun fara zubowa, jibi za a shiga makon manna. Tsofaffi mata biyu na zaune gefe suna tsince wake. Tun muna yara, bisa wasan taubasai, ni ɗan namiji nake kiranta baiwa, ita 'yar mace take kirana ubangida.

"Baiwa, an gaishe ki da gado."

"Ubangida, ai kai ka gaji abin hawa. Ka ɗora shi bayan lodi shi huta, ya sha wuya."

"Ba wasa nike ba."

"Na ga alama. Hancinka ya buɗe kamar na sa."

"Mi kika yi mashi wanda ban yi ba? Wa ya rufa ɗakin can? Wa ya sa benci? Da ya kwanta ciwo, motar wa ta kai shi asibiti?"

"Taka. Ni ban yi komai ba. Ina dai zuwa."

"Kina zuwa! Ke da hannunki ba shi da tsarki tun kina 'yar mitsitsiya. Wa ya ɗauke mani ƙwara ƙarƙashin rumbu? Sha biyu na aje, sha ɗaya na iske. Kin zaci na manta?"

Ta tsaya da shara. Tsofaffin nan ma suka bar tsintar wake.

"Sake faɗi," in ji ta.

"Kin ji ni."

"Ƙwara sha biyu. A makon manna. Daga ina ka samo ta, kai ɗan kirkin Baba da bai taɓa ƙari ba?"

Ni da na yi ciniki da Yarbawa da Inyamurai da Buzaye ba wanda ya taɓa ɗaure ni da bakina, ran nan mai man kaɗanya ta ɗaure ni. Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta zauna a ƙasa tsintsiya a cinya.

"Wayyo Baba. Shekara talatin da ɗoriya shina jiran wannan maganar, ka kawo ta kwana ɗaya bayan an rufe shi. Ɗaga kanka, ubangida. Ɗaga ka duba."

Na ɗaga. Rassa ne, da ganye, da 'ya'ya kore-kore.

"Ga ƙwararka ta sha biyu nan. Shi ya ɗauka, ran Asabar ɗin nan da ka gama ƙidaya. Shina cikin rumbu shina jin ka."

Sai ta ba ni sauran. Ta ce Baba ya faɗa mata ne lokacin rigimar gini, ya kuma hana ta faɗa mani sai in ni na ɗauko zancen. Ya ce da ita, "Yaron nan ba shi iya kwana da giɓi a lissafi. Zai zo shi tambayi ɗayar. Ran da ya tambaya, ya kawo tukunyarshi ke nan, sai in ɗora shi bisa cinya ko da ya yi gemu." Ya shuka ta ne don in na ɗauki lokaci kada ta bushe kafin in zo. Ta ce a ciwonsa na ƙarshe ya sake tayar da maganar, ya ce wataƙila shi ya yi kuskure, da ya kira ni tun ran nan ya ja mani kunne a gaban yara, da an wuce wurin. Ya ce ya koya wa yara da yawa tsoron warin tukunya, amma bai san yadda ake koyar da yaron da tukunyarsa ba ta wari ba.

"Kuma kai ke kishi da ni!" ta ce, tana share ido da bakin zane. "Kullum na shigo gidan nan, kafin in aje tuwo, tambayarshi ta fari ita ce, ya zo? Ni tukunya ɗaya na wanke aka gama da ni. Kai aka shuka wa ice, ana kai mashi ruwa da yatsu uku. In kishi ne, ni ya kamata in yi, kuma na yi, in kana son ka sani."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce, "To, ku yi ta yi. Shi dai ya huta da ku duka."

Ran Litinin ban tafi kasuwa ba. Na zo da sassafe na tsaya bayan yara. Taubashiyata ta yi masu tambayoyin nan, wa ya girgiza, wa ya zubo, zai zubo gobe. Da aka fara tsinta ta dube ni ta ce, "Ubangida, in ka zo kallo ne, matsa. In ka zo tsinta, duƙa." Na duƙa da babbar riga, yara na ta dariya. Na shiga layi, ta auna mani, ta shafe baki. Zan juya sai na ji nauyi a aljihu. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya yi ba. Biyu ne. Na tsaya, na fito da su, na ɗaga sama yadda kowane yaro zai gani, na ce, "Na yi ƙari."

Ta karɓa ta jefa gindin itacen. Ta ce, "Cinyata ba ta ɗaukar ka. Zauna nan kusa." Na zauna a kan turmin Baba har aka tashi.

Ubangiji ya ba Baba hutun da ya yi wa aiki, ya sa ya iske yaransa da suka riga shi.

Ga lissafin, tunda shi na iya. Ƙwara goma sha ɗaya na riƙe, suka zama ƙuli-ƙuli biyu, suka zama mudu, suka zama buhu, suka zama sito da mota. Ba wadda ta yi tsutsa, ba wanda ya kama ni. Abin da na biya kuwa: shekara talatin da ɗoriya ina zama baƙo a gidan da aka rene ni, ina zargin wadda ba ta ɗauki komai ba, da cinyar tsoho da aka ajiye mani wuri a kanta ban taɓa hawa ba. Ƙoƙo ya tafi inda ya dace, ko da yake har gobe in na gan shi a hannunta sai na kau da kai. Ɗayar da aka ɗauke mani kuwa tana nan tsaye bayan karkataccen gini, ita kaɗai ce a cikin dukiyata da ke ciyar da mutum ba tare da an yi ciniki ba, kuma saura ƙiris in sa mata gatari. Na juya lissafin nan ta kowace fuska. A sha ɗayan na faɗi. Ribata duka tana cikin ɗayar, kuma ba ni na ajiye ta ba.